Littattafan Ruwan Baba

4 ga Afrilu

Auta,

"Wata uku kacal, Yaya. Za a ɗauki hotonsu shafi-shafi, in dawo da su da hannuna." Haka ka ce, kana tsaye a ƙofar ɗakin Inna, akwatin Baba a kafaɗarka, direba yana ta danna maka hon. Na sa maganarka gaba da gaisuwa don kada ka ce ka manta. Yau wata goma sha huɗu.

To, yanzu gaisuwa. Ina fatan kana lafiya, kai da matarka da 'yarka, takwarata. Yaya jikin nata? Mu nan da sauƙi, in ban da ƙafata ta hagu da ke kumbura in na daɗe tsaye a aji. Jinin Inna ya ɗan sauka.

Na koma wasiƙa ne saboda waya ta gaza. Sau tara na kira ka a watan jiya. Sau huɗu kana cikin taro, sau uku za ka kira ni anjima, sau biyu ba ka ɗaga ba. Na lura ku mutanen babbar jami'a ba ku jin magana sai an sa ta a takarda. To ga takarda.

Bari in tuna maka abin da ka ɗauka, tunda yanzu "bayanai" kake kiransu. Littattafan Baba ne guda talatin da takwas. Lokacin da yake malamin gona aka ba shi gwangwanin awon ruwan sama, aka ce ya riƙa rubutawa na shekara biyu. Aikin ya ƙare, waɗanda suka ba shi suka manta da shi, shi bai daina ba har ranar da aka kwantar da shi asibiti. Kullum da safe sai ya leƙa gwangwani, ya rubuta adadi a tsakiyar shafi, sannan a gefe ya rubuta abin da ya faru a gida. Inna ce ta ɗinka wa kowanne riga da ragowar yadi.

Ka san tun rasuwarsa abin da muke yi. In ta sha shayinta, sai in ɗauko littafi ɗaya in buɗe ranar da muke ciki in karanta mata. "Ba ruwa. Uwar yara ta ƙi yi mini magana saboda na sayar da akuya." Sai ta yi dariya ta ce, "Ai akuyata ce!" Daga nan sai labari ya ɓalle, ta yi awa guda tana ba ni, da sunan kowa daidai. Ranar da aka yi karatun nan takan ci abinci, ta bar ƙofa ta huta. Ranar da ba a yi ba, mayafinta take ɗauka ta ce za ta tafi gida, alhali a gidan take.

Guda ɗaya ya tsira daga hannunka, wanda ke ƙarƙashin matashinta. Wata goma sha huɗu ina juya mata shekara ɗaya. Na ɗauka ba za ta gane ba, tunda abin da ta ci da safe ma ba ta riƙewa. Shekaranjiya ta kama hannuna ta ce, "Ke, wai shekara ɗaya kaɗai muka yi da mutumin nan? Ina shekarar da rijiya ta rufta?" Ka gaya mini amsar da zan ba ta.

Ba na son bayani. Rana nake so, da lambar motar da za ta kawo akwatin.

Kuma ka sani, Inna ta daina tambayar ka.

Yayarka

*

12 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar? Don Allah ki riƙa zama kina koyarwa, ɗalibai ba za su raina ki don kin zauna ba, ai tsoronki a jininsu yake. A gaishe mini da Inna sosai.

Kada ki ce na share ki. Jiya wasiƙarki ta iso hannuna. Ta fara zuwa babban ofishin wasiƙu, suka tura ta wa wani mai irin sunana a sashen lissafi, shi kuma yana hutu. Da ya dawo ya mayar, suka sake tura masa. Mu kusan dubu tara ne ma'aikata a nan, Yaya. Daga ɗakin kayan awo inda nake aiki zuwa babban ɗakin karatu tafiyar minti ashirin da biyar ce, har bas ake shiga. Akwai mutumin da muka shekara uku muna gaisawa a matakala, sai kwanan nan na san shi ne ke sa hannu a takardar hutuna.

Takwararki ta sha jiki a watan jiya. Ciwon sikilar ya tashi mata ana tsakiyar darasi. Daga makarantarsu ta cikin jami'a zuwa gadon asibitinmu ba a yi minti ashirin ba. Na nuna katin ma'aikata, ba wanda ya tambaye ni komai. Likitar da ta san jininta tun tana shekara biyu ita ta karɓe ta. Kwana shida muka yi, yanzu har ta koma tsalle-tsallenta. Na faɗa miki wannan ne don ki san ba zaman banza nake a nan ba. Kin tuna lokacin da muke gari, yadda muke yawo da ita daga wannan asibiti zuwa wancan.

Batun littattafai, wallahi da kin ga yadda ake girmama Baba a nan da kin yi hawaye. Farfesan da nake aiki a ƙarƙashinsa ya ce bai taɓa ganin awon ruwa na wuri ɗaya, da hannun mutum ɗaya, na tsawon shekaru haka ba tare da tsallake ko mako guda ba. Ya kira baƙi daga wata ƙasa suka zo suka gani. Suna rubuta maƙala a kai, kuma sunana yana ciki, na huɗu cikin shida. Ni da nake goge kayan awo! In ta fito, za ta taimaka wajen tabbatar da ni a aiki baɗi.

Littattafan suna ma'adanar ɗakin karatu, a ɗaki mai sanyi, kowanne cikin kwalinsa. Ba a taɓa su sai da safar hannu. Sun shiga rajista, an ba kowanne lambarsa. Fito da su yana da 'yan matakai, ina kan bi. Kafin nan ga hotunan shafukan shekara uku na sa an buga miki, har da shekarar rijiya. Ban samu na duba su ba, daga injin na zuba su a ambulan don kada in rasa mai tafiya.

Maganarki ta ƙarshe ta hana ni sukuni. Na san Inna fushi take, kuma tana da gaskiya, rabona da gida tun ranar akwatin. Haka take yi tun muna yara, in ta yi fushi da mutum sai ta daina ambatonsa. Ki ba ta haƙuri, ki ce autanta ya tuba. Hutu a nan sai mutum uku sun sa hannu, na biyun ya tafi taro ƙasar waje.

Ƙaninki,
Auta

*

19 ga Mayu

Auta,

Na gode Allah da takwarata ta tashi. Ka shafa mini kanta. Wannan kaɗai ne abin da na karanta a wasiƙarka ban ji jinina ya hau ba. Mu muna nan yadda ka sani.

Ba fushi take ba. Ina ma fushin ne. Na ba ta haƙurin kamar yadda ka ce, na ce, "Inna, autanki ya ce ya tuba." Ta dube ni ta ce, "Wane auta? Ai ke kaɗai gare ni, sai wanda ke ciki." Tana shafa cikinta. Ka gane yanzu? Ta daina tambayar ka ne saboda a shekarar da nake karanta mata kullum ba a haife ka ba. Kai kana cikin littattafan da ka kwashe.

Hotunanka kuwa, da ka buɗe ambulan ɗin da ka rage wa kanka kunya. Adadi ne zalla. Kwanan wata, milimita, kwanan wata, milimita. An yanke gefen kowane shafi tas, kamar yadda tela ke yanke bakin yadi. Masu iliminku sun ɗauki hoton abin da suke so, sun bar abin da Baba ya ce. Na nemi ranar da rijiya ta rufta, na same ta: sittin da ɗaya. Shi ke nan. In je in ce wa Inna "sittin da ɗaya"?

Kana ba ni labarin safar hannu. Littattafan nan sun sha miya, sun sha kananzir, kai kanka ka yi wa na shekarar haihuwarka fitsari, Baba ya shanya shi a kan katanga ya rubuta a gefe. Shekara talatin da tara ba su mutu ba sai yanzu za su ji sanyi?

Yanzu tambaya ɗaya, kuma kada ka zagaya ni. Ka manta ni ke riƙe da ɗakin karatun makarantarmu shekara goma sha shida. Ba a buga wa littafin aro lamba. In wani ya ba mu aron littafi, a takarda daban muke rubuta shi, mu ajiye shi gefe. Wanda muka sa a rajista muka ba shi lamba, namu ne, ya zama kayan makaranta. To me ya sa littattafan Baba suke da lamba?

Me ka sa wa hannu, Auta?

Yayarka

*

30 ga Yuni

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Mu lafiya. Wannan karon wasiƙarki ba ta ɓata ba, kwana huɗu ta yi a hanya. Ni ne na kasa amsawa. Na fara sau biyar ina yagawa.

Takarda iri biyu ce a ma'adana. Fara ta aro, rawaya ta kyauta. Ta aro sai kwamiti ya amince, kwamitin kuma sau biyu yake zama a shekara, ya tashi ke nan da mako ɗaya lokacin da na kawo akwatin. Injin ɗaukar hoton na aikin Farfesa ne, saura mako shida a mayar da shi, kuma doka ta hana a ɗora masa abin da bai shiga hannun ma'adana ba. Akawun wurin ya ce mini, "Sa hannu a rawayar kawai, yau-yau a fara, daga baya a gyara." Farfesa yana tsaye yana duba agogo. Na sa. Akwai layin da ke tambaya ko akwai wasu magada. Akawun ya ce in na ce akwai, sai an nemo sa hannun kowa. Na rubuta babu.

Na rubuta babu, Yaya. Da ke da Inna.

Akawun an mayar da shi sashen motoci. Na same shi, ya ce shi yanzu taya yake ƙirgawa. Tun watan da na yi miki alkawari nake yawo. Ofis bakwai na shiga. Abin da zai ba ki mamaki, ba wanda ya wulaƙanta ni. Kowa sai ya ba ni kujera, ya ce Allah sarki, ya ce gaskiya ya kamata a mayar wa tsohuwa kayanta, sannan ya rubuta mini sunan wani ofis a 'yar takarda. Na bakwai ya mayar da ni na biyu. Wurin nan ba mugu a cikinsa da za ki kama ki shaƙe, girma ne kawai ya yi masa yawa har ba wanda ya isa ya ce "ɗauki ka tafi". Farfesa ya ce in bari maƙala ta fito. Shugabar ɗakin karatu kuwa ban taɓa ganinta ba, sakatarenta ya ce in rubuto.

Wata lauya a ofishin shari'a ta ja ni gefe ta gaya mini gajeriyar hanya. In wani magaji ya rubuto cewa ba da saninsa aka yi kyautar ba, kyautar ta rushe, cikin wata guda a sallami littattafan. Amma ranar za a buɗe mini fayil na yin ƙarya a takardar jami'a, ni kuma ba a tabbatar da ni ba. Aikin zai tafi, da gidan, da katin asibiti. Na gaya miki ne don haƙƙinki ne ki sani. Adireshin ofishin yana bayan wannan takarda. Duk abin da kika yi, ni na jawo.

An hana ɗaukar hoto a ɗakin karatun ma'adana, amma ana barin fensir. Mako uku ke nan ba na cin abincin rana, can nake zuwa ina kwafe gefen shafukan. Ga na shekarar rijiya da rabin ta bayanta. Na haɗo miki da dokokin ma'adanar, shafi goma sha ɗaya, don ki ga ba ƙirƙira nake ba. Akwai wani wuri da Baba ya rubuta, "Yayyafi. Babbar ta yi gardama da malaminta a kan lissafi, ita ce da gaskiya. Allah ya jiƙan wanda zai yi faɗa da yarinyar nan." Na daɗe a zaune ban juya shafin ba.

Ƙaninki,
Auta

*

6 ga Yuli

Auta,

Muna lafiya. Ka gaida matarka, ita ba ta yi mini komai ba.

Na rubuta wa ofishin shari'ar. Shafi biyu, kuma ban taɓa rubuta wasiƙa mai kyanta ba. Na karanta ta sau uku ina jin daɗi. Sannan na kunna risho da ita, na ɗora ruwan shayin Inna. Kada ka gode mini. Ba don kai ba ne. Yarinyar da ke ɗauke da sunana ba za ta koma bin layin asibiti tana murƙususu ba saboda ubanta ya ji tsoron agogon Farfesa. Maganar "babu" kuwa tana nan, ban yafe ba tukuna, sai na ga idonka.

Na karanta wa Inna abin da ka kwafo. Ta saurara, har ta fara murmushi a wurin da maƙwabci ya faɗa ramin rijiyar garin leƙe. Sai ta miƙo hannu ta karɓi takardar, ta juya ta, ta shinshina, ta ce, "Wannan ba hannunsa ba ne. Wa ke kwaikwayon mijina?" Ranar ba ta ci komai ba. Sau biyu na tare ta a bakin titi da mayafi. Ka ci abincinka na rana, wahalar banza kake.

Yanzu saurara. Ofis bakwai ka shiga, amma dokokin da ka aiko mini ba ka karanta su ba, kamar yadda ba ka buɗe ambulan ba. Duk ku dubu taran nan ina shakka ko akwai wanda ya kai shafi na tara. Ni na kai. Sashe na goma sha biyu ya ce shugabar ɗakin karatu tana da ikon ba wata makaranta aron kayan ma'adana don nuni, har kwana casa'in, ana iya sabuntawa, da sa hannunta ita kaɗai. Ba kwamiti, ba Farfesa.

To ni makaranta gare ni. Na je wa shugabarmu da maganar, na gaya mata gaskiya duka. Ta ce, "Malama, kawo in sa hannu kafin ki cinye ni." Ga takardar nan da hatiminmu: ɗakin karatun makarantarmu yana neman aron littattafai talatin da takwas don nuna wa ɗalibai yadda ake awon ruwan sama. Kuma za a nuna ɗin, ba ni yin ƙarya a takarda, ni ba ma'aikaciyar jami'a ba ce. In mun dawo hutu, kowace Laraba zan kai biyu aji, in kafa gwangwani a filin makaranta. Sauran kwanakin, wurin nunin shi ne gadon Inna.

Aikinka ɗaya ne. Kada ka jefa takardar nan a akwatin wasiƙunku ta tafi sashen lissafi. Kada ka ba sakatare. Ka ɗauke ta da hannunka, ka shiga bas ɗin naku, ka zauna a ƙofar matar nan. In ta fito za ta sha ruwa, ka miƙe. In ta ce gobe, ka dawo gobe. Mutum ce, tana da uwa ko ta taɓa yi. Ka gaya mata ainihin abin da ake ciki da bakinka, ba da harshen fom ba.

Muna rufe makaranta ranar Juma'a, ashirin da huɗu ga wata. Ina so kafin la'asar ɗin ranar in ga akwatin Baba a tsakar gidan nan, kai kana ɗauke da shi.

In ban gani ba, ranar Litinin ni da Inna za mu shiga motar farko. Likitanta ya ce tafiyar awa bakwai ba za ta yi mata daɗi ba, amma zaman nan ma ba ya yi mata. Sashe na bakwai ya ce duk mai katin shaida yana da damar shiga ɗakin karatun ma'adana ya nemi littafi ɗaya a rana. Ina da kati, Inna tana da kati. Littafi talatin da takwas, biyu a rana, ka yi lissafin da kanka, ka gaya wa matarka ta gyara mana ɗakin ƙasa. Kullum ƙarfe tara za mu zauna a teburin tsakiya, in sa mata safar hannun in dole ne, in buɗe daga shekarar farko. Na ga sashe na takwas ya ce a yi shiru. Inna ba ta ji da kunnen dama, na hagun ma sai an ɗaga murya, ni kuma shekara ashirin da shida ina magana da aji mai mutum saba'in. Za su ji batun akuya har hawa na uku. Wanda ya ga zai iya kama hannun tsohuwa mai shekara tamanin ya fitar da ita daga gaban rubutun mijinta, ya zo ya gwada, ina son in ga ofishin da zai turo shi.

Na riga na sayi tikiti biyu.

Yayarka